Matar Da Ke Bakin Ƙofa

Zuwa ga sanyin idona, gamjin da na fake a inuwarsa shekara ashirin da tara, rijiyar da ban taɓa zura guga ya dawo wayam ba, ruwan farkon damina a kan ƙasar da ta gaji da jira. Zuwa ga maigidana, uban 'yata, wanda abokan aiki ke kira Sarkin Inuwa, ni kuwa nake ce masa Malam, don kunyar da ta hana ni kama sunansa ina amarya har yau furfura ba ta kore ta ba.

Aminci da rahamar Allah su lulluɓe ka, su kwanta tare da kai, su tashi tare da kai.

Malam, ni ce. Dubi rubutun da kyau kafin ka ci gaba. 'Yarmu ta gaya mini shekaranjiya ka tsinci wata tsohuwar takardar awon ɗinki a aljihun rigarka, ka daɗe kana shafa ta, sannan ka ce, "Wannan hannun 'Yar Allura ne. Kin ga yadda baƙaƙenta ke kwantawa baya? Allo ta fara sani, shi ya sa kullum suke son komawa dama, inda suka fito." Ashe akwai sauran ƙofa ɗaya da ba a rufe mini ba! To ga ni na biyo ta cikinta, a hankali, ba fuska, ba murya, sai tawada.

Bari in tuna maka abin da ya faru, don na san kwanakin sun cakuɗe maka. Wata goma sha huɗu ke nan da hawan jini ya buge ka a wurin aiki, kana saman tsani kana gyara labule. Allah ya tashi kafaɗunka. Ya mayar maka da ƙafa, ya mayar maka da harshe da karatu, har tsokanar nan taka ba ta yi ciwon kai ba. Ka gane 'yarmu. Ka gane daraktan fim ɗinku da ya zo dubiya, har ka ce masa tumbinsa ya riga shi shigowa. Ni kaɗai ce ka ɗaga ido ka kalla daga gadon asibiti, ka yi mini murmushin da ake yi wa baƙo, ka ce, "Baiwar Allah, sannu da ɗawainiya. Kin yi kama da matata ƙwarai. Ita tana ina?" Likita ya ja ni gefe ya ce idonka lafiya lau yake ganina, abin da ya tsinke shi ne zaren da ke tsakanin gani da jin cewa wannan tawa ce. Ya ce sau da yawa irin wannan ciwon a kan wanda ya fi kusa da mutum yake sauka. Yana nufin ya lallashe ni ne, bawan Allah. Wane irin lallashi ne a ce maka kusancinka ne ya jawo aka kore ka?

Ya hasken gidana, ka tuna ranar da muka fara haɗuwa? Ni dai ko sitiyarin keken ɗinkina na manta ba zan manta ta ba. An aiko shagonmu cewa masu shirya fim ɗin ban tsoro suna neman farar doguwar riga. Na ɗinka ta tsaf, na goge, na ninke, na kai tsohon sito ɗin nan da kuke aiki a ciki. Rana tsaka ce a waje, amma ka toshe tagogi duka da baƙin yadi, ka ƙera darenka na kanka da katako da ƙusa. Ka warware rigar, ka ɗaga ta, ka girgiza kai. Ka ce ta yi kyau da yawa. Ka ce in jiƙa ta a ruwan shayi ta yi kalar daɗewa, in goga gefenta a dutse, sannan in ƙara wa hannayenta tsawon taƙi guda har su haɗiye yatsu. Na ce, cikin ladabi, wannan ai ɓata ɗinki ne, kuma ni ba a koya mini in mayar wa mutum kaya da aibi ba. Ka yi dariya har fensirin bayan kunnenka ya faɗi. Ka ce, "'Yar Allura, idan ido bai ga hannu ba, zuciya za ta ƙera nata, kuma nata ya fi namu muni." Daga ranar sunan ya bi ni, ni kuma na bi mai sunan.

Ka zagaya da ni cikin ɗakin da ka gina, kamar mai nuna wa baƙo gonarsa. Ga ƙofa da ka bari a buɗe faɗin yatsa huɗu. Ka ce rufaffiyar ƙofa bango ce, buɗaɗɗiya hanya ce, amma mai yatsa huɗu tambaya ce, kuma mutum ba ya iya barci a kan tambaya. Ga kujera da ka juya tana fuskantar bango, kamar an yi mata faɗa. Ga lungu da ka matse bangayensa kaɗan kaɗan, yadda mai kallo zai ji ƙirjinsa na ƙuntata bai san dalili ba. Ga fenti fari da ka ɗiga wa kore, don fatar duk wanda ya tsaya kusa ta koma ta marar lafiya. Sai ka ɗauki fitila ka riƙe ta ƙarƙashin haɓarka. Na ja da baya ina neman tsari, ka sauke ta kana ba ni haƙuri. Ka ce Allah ya ɗora rana a sama, shi ya sa muka saba da inuwar hanci tana faɗuwa ƙasa. In ka juya ta sama, ko fuskar uwarka ce za ka ga baƙuwa. Ka nuna mini yadda kuke ajiye ɗan wasa a gefe guda na hoto ku bar ɗaya gefen fayau, don idon mai kallo ya yi ta komawa can yana jiran wanda zai cike wurin.

Na tambaye ka ko ba zunubi ba ne tsorata bayin Allah. Ka ce, "Wanda ya kawo kansa da ƙafarsa ya zauna a kujera, shi ya aiko a tsorata shi. Mu 'yan aike ne." Ban gamsu ba. Sai da na je wurin malamata na zayyana mata komai, ta ja carbinta, sannan ta ce, "Ɗinki ɗinki ne, 'yata. Ki dai tabbata ko fatalwar ce ta rufe jikinta." Haka na yi shekaru ina suturta fatalwowinka, ba wadda ta taɓa fita da wuya a buɗe. Kai kuma, Sarkin Inuwa, mai hana gari barci, ƙadangare ya faɗo maka a banɗaki ka fito da sabulu a ido kana kirana. Wanzami ba ya son jarfa! Kai, Malam, mun yi dariya a gidan nan. Ina ta tafi? Wace iska ce ta kwashe ta ba ta bar mini ko ɓurɓushi ba?

Akwai magana ɗaya da ka fi maimaitawa, ga 'yan wasa, ga masu ɗaukar hoto, ga ni a kan tabarma. Ka ce dodo mai ƙaho da haƙora yara yake tsoratawa. Babba kuwa, ka ba shi abin da ya sani, abin da yake so, ka gusar da shi faɗin yatsa ɗaya. Gidansa, amma taga ta koma wancan bango. Uwarsa, amma ba ta ƙifta ido. Ka ce ba abin da ya kai "kusan shi ne" ban tsoro a duniya.

Da muka dawo da kai gida, sai na ɗauki karatunka na karanta shi daga ƙarshe zuwa farko. Na ce tunda na san yadda ake gina tsoro, zan san yadda ake rushe shi. Kowace ƙofa ko a rufe ruf ko a buɗe wangale. Na cire madubin zaure. Na sa aka sake fentin ɗakinka da launin ruwan ƙwai mai ɗumi, aka ɗaga fitilu sama, aka ƙara biyu don kada wani lungu ya riƙe duhu. Ba na rataye riga a bayan ƙofa, don na san abin da rataye ke zama a wutsiyar ido. Ba na shigowa ta bayanka, ba na tsayawa shiru, ba na barin kujera ba kowa tana kallonka. Ka karɓe ni a matsayin mai jinya. Kana gode mini, kana ce mini baiwar Allah, kana ba ni labarin matarka: wai tana da taurin kai a kan ɗinki, wai ba ta iya ƙarya ko ta wasa, wai idan ta yi fushi sai ta hau goge tukwanen da aka riga aka wanke. Ina zaune ina yanka maka farce, ina jin yabona a bakin mijina kamar mai sauraron ta'aziyyar kanta.

Wani lokaci nakan shiga ɗakin girki in kira ka a waya. Nan take muryarka ke canzawa: "'Yar Allura! Ina kika shiga?" Mu yi hira kamar da, ina tsugune tsakanin buhu da murhu ina toshe bakina da mayafi. Wata uku na rayu a kan wannan, kamar tsiron da ke shan raɓa. Sai ranar da na manta ban ja ƙofa ba, ka ji muryar tana fitowa daga wayar tana kuma fitowa ta bayan bango. Ka ajiye wayar a hankali. Da yamma ka ce wa 'yarmu, "Matar nan ta ɗauke muryar uwarki ma." Tun daga nan ba ka ƙara amsa kira ba.

Yanzu zan faɗi laifina, don shi ya sa na ɗauki alƙalami. Da na haƙura da zama baiwar Allah, da har yau ina kusa da kai. Amma zuciya ba ta da ƙashi. Na ga kullum kana riƙe da hoton nan namu na shekarar farko, wanda nake sanye da shuɗin leshi, sai shaiɗan ko ƙauna, ban san wanne ba, ya raɗa mini cewa tsufa ne ya ɓoye ni. Na buɗe akwati na ciro leshin. Na saki ɗinkinsa ya shige ni. Na rina furfurata, na sa kwalli yadda nake sawa a da, na ɗaura ɗankwali irin ɗaurin hoton. Da hantsi, rana ta cika tsakar gida, na zo ƙofar ɗakinka. Na tura ta kaɗan don kada in firgita ka. Na tsaya. Ban yi magana ba, don na san muryata ta zama abin zargi. Na yi murmushin hoton, na riƙe shi, ina jira ka gane ni.

Malam, ka ga abin da na haɗa? Ƙofa a buɗe kaɗan. Haske a bayana, fuskata a duhu. Mace tsaye ba motsi, cikin tufafin kusan shekara talatin, da murmushin da ba ya sauka. Fuskar da ka fi so a duniya, an gusar da ita faɗin yatsa ɗaya. Ni da na ɗinka wa irin wannan hoton riga sau nawa a finafinanku? Ni da na san shi kamar yadda na san tafin hannuna? Da darakta yana wurin da ya ce a ɗauka, ba gyara. Duk gidan na bi na kore tsoro lungu lungu, ashe na tara shi ne na yafa a jikina.

Ban taɓa jin irin ƙarar da ka yi ba, kuma ina roƙon Allah kada ya ƙara jiyar da ni. Ka ja baya har ka faɗo tsakanin gado da bango, kana kare fuska da hannu, kana karanto duk abin da ya zo bakinka na neman tsari. Daga ni kake neman tsari, ya abin ƙaunata. Ni da nake tofa maka addu'a a ruwan sha. Garin neman gira na rasa ido.

Likita ya ce jininka ya hau inda bai kamata ba, kuma wani firgici irin wannan zai iya zama na ƙarshe. Bai ce in tafi ba, yana da kunya. Ya dai kalli ƙasa ya ce a raba ka da abin da ke tayar maka da hankali. Wata maƙwabciya ta ce ai aljanun finafinanku ne suka biyo ku gida, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na ce mata Allah ya ba mu lafiya baki ɗaya, na rufe ƙofata. Na san ba aljan a nan. Katako ne da fenti da fitila, ni na riƙe maka tsani. Ciwo ne, Allah ya saukar, kuma ba na tuhumar sa. Amma ba zan ɓoye maka ba, haƙurin nawa ya zama kamar tsohon zani, duk inda na kama sai ya yage.

Sai 'yarmu ta ce maka an sallami mai jinya, ita za ta riƙa kula da kai. Ka tambayi uwarta, ta ce na yi tafiya. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan ina zaune a ɗakin baya, inda muke ajiye keken ɗinki da ragowar yadi. Ina dafa maka abinci ta kai maka. Ina wanke kayanka in shanya inda ba za ka hango ba. Ina jin tarinka ta bango, ina sanin wanne ne na ƙura, wanne ne na kewa. Kullum da safe ina jin ka ce, "Uwarki ba ta dawo ba?" ita kuma ta ce, "Ta yi tafiya, Baba." Kowace safiya yarinyar da na hana ƙarya tun tana rarrafe tana yin ta saboda ni, taku bakwai daga inda nake zaune. Na yi istigfari har na rasa wa nake nema wa, ni ko ita.

Da zan iya jure wannan ma, wataƙila. Amma jiya na ji ka kira ta da ƙaramar murya, ka ce, "Akwai wani a ɗakin baya. Ina jin ana taka ƙasa a hankali, irin takun wanda ba ya so a ji shi." Ta ce ɓera ne. Ka ce, "Ɓera ba ya tsayawa idan na yi shiru." Sai na gane. Na fita daga gabanka na koma abin da ba a gani, kuma kai ka koya mini wanne ya fi muni. Idan na bayyana, ni ce matar da ke bakin ƙofa. Idan na ɓuya, ni ce motsin bayan bango. Ina zan tsaya a gidan nan, ya rabin raina, da ba zan zama abin tsoronka ba? Na auna ko'ina, kamar yadda nake auna yadi, ban sami ko taƙi ɗaya ba.

'Yarmu ta roƙe ni in rubuta maka gaisuwa kawai, in ce ina can lafiya, garin da nisa, mota ce ta yi wuya. Ta ce, "Umma, rubutun nan shi kaɗai ya rage miki. In ya karanta ya ce shi ma an sace fa?" Gaskiyarta. Na ɗauki alƙalami sau uku don in yi yadda ta ce, hannuna ya ƙi. Kai da bakinka ka shaidi matarka ba ta ƙarya. In na yi maka ita a takarda, to lallai matar nan ta gama cinye 'Yar Allura, ba sauran wadda za ka jira. Don haka na rubuta yadda abin yake, na kuma bar wa 'yarmu zaɓi: ta nuna wa likita, in sun ga za ka iya ɗauka ta miƙa maka, in ba haka ba ta sa a akwati. Mai yiwuwa da akwati nake magana tun ɗazu. Ba komai. Shi ma ya san ƙamshin kayanka.

In ta kai hannunka, ga roƙona, kuma ba shi da yawa. Ka sha maganinka ba sai an bi ka da kofi ba. Ka daina zama a bakin gado kana fuskantar ƙofa; ka juya wajen taga, akwai bishiyar da ka dasa, ta yi sabon ganye. Kada ka yi wa yarinyar nan faɗa in gishiri ya yi yawa, hannunta ne bai faɗa ba tukuna. Kuma in zuciyarka ta iya, ka yafe wa matar da ta tsaya maka a ƙofa. Ba ta zo cutar da kai ba. So take a ce mata sannu da zuwa.

Na san za ka tambayi yaushe zan dawo. Ban sani ba, Malam. Likita bai ba ni rana ba, ni kuma ba zan ƙirƙiro ta ba. Abin da na sani, igiyar da ke tsakaninmu ba ido ne ya ƙulla ta ba, ba kuma ido ne zai kwance ta ba. Ko kogi ya manta mafarinsa, mafarin bai daina turo masa ruwa ba. Zan zauna a matarka a inda ba ka gani, in tsufa a matarka, in mutu a matarka. In ba a nan ba, to a can, ranar da za a mayar wa kowa da abin da aka karɓe masa, ina sa rai ka ɗago ka dube ni sau ɗaya ba tare da ka ja baya ba.

Na haɗa kayana. Yayata ta gyara mini ɗaki a wurinta, tafiyar yini guda a mota. Gobe bayan ka karya, lokacin da 'yarmu za ta kunna maka rediyo, zan fita ta ƙofar baya riƙe da takalmana. Ɗakin baya zai yi shiru, shirun gaske, ka samu ka yi barci. Kuma jibi da safe, idan ka tambaye ta ina uwarta, ta ce maka na yi tafiya, ka yarda da ita, ya sanyin idona. Gaskiya take faɗa.

Taka, jiya da yau da ranar tsayuwa,
matarka,
'Yar Allura